Ina So In Bar Aikin Banki In Koma Argungu, Amma Albashin Ya Kusa Raguwa Da Rabi

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne, shekarata 39, mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a wani banki a nan Birnin Kebbi, a ɓangaren nemo masu ajiya. Kowane wata uku akwai adadin kuɗin da ake ɗora mini in kawo, abin da muke ce wa taget, kuma duk sa'ar da na cika sai a ƙara. Ranakun kasuwa ina kan hanya, yau Jega, gobe Aliero, jibi Kamba, wani lokaci har Yawuri. Da an yi sallar asuba nake fita, ba na shiga gida sai bayan isha'i. Ƙarfe goma na dare manaja kan jero sunayenmu a zauren WhatsApp na ofis, ya ja layi a ƙarƙashin duk wanda bai cika ba. Tun la'asar ɗin Lahadi gabana ke soma faɗuwa saboda mitin ɗin Litinin. Wata biyar da suka wuce likita ya ce ina da hawan jini, ya ɗora ni a kan magani. Barcina ba ya wuce awa huɗu. Abin da ya fi ba ni tsoro, rannan a hanyar Jega na tsinci kaina ina fatan wani abu ya same ni, a kwantar da ni asibiti ko na sati biyu ne, don kawai in huta.

Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a garinmu Argungu ya nemi in zo in riƙe masa lissafi. Ya ce zai riƙa ba ni N300,000 a wata. A yanzu abin da ke shiga asusuna N520,000 ne bayan an cire komai. A Argungu akwai ɓangarena a gidanmu na gado, ba zan biya haya ba. Sai dai akwai sauran rancen mota da na ci a wurin aiki, kimanin miliyan biyu da rabi, ina biya wa ƙannena biyu kuɗin makarantar gaba da sakandare, cefanen Inna kuma yana wuyana. Maiɗakina ta ce duk abin da na yanke ta yarda, amma ina ganin damuwa a fuskarta. Yayana ya ce in na bar banki na yi wa Allah butulci, mutum nawa ke neman irin wannan aiki ba su samu ba. Inna kuwa cewa ta yi, “Lahiyakka ta hi mini kuɗɗi.” Don Allah Malam a ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ɗan'uwanku daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya warware maka.

Ba zan ja ka da nisa ba. A ganina wannan aiki ya isa haka, ka shirya barinsa. Amma ba a cikin wannan wata ba, kuma ba a kan alkawarin baki ba. Tsakanin yau da ranar da za ka miƙa takarda akwai aiki na wata uku zuwa huɗu, kuma yadda ka yi wannan aikin shi zai nuna ko hutu za ka je yi a Argungu ko wata sabuwar wahala.

Maganar da ka faɗa ta hanyar Jega ita ta fi tsaya mini a rai. Mutum mai iyali, mai hankali, yana tuƙi, zuciyarsa na raya masa cewa gadon asibiti ya fi masa ofis. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, gajiya ce da ta wuce inda jiki da ƙwaƙwalwa za su ɗauka. Ka lissafa da kanka: daga bayan asuba zuwa bayan isha'i awa goma sha uku ne ko sha huɗu, sau biyar a mako, ban da Asabar ɗin da ake kiranku, ban da saƙonnin dare. Ka haura awa 65. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, sun kuma fi su haɗarin mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17 cikin 100. Sun ƙiyasta mutum 745,000 suka mutu ta wannan hanya a shekarar 2016 kaɗai. Kai kuma ga hawan jini an riga an tabbatar maka kafin ka cika arba'in.

Hawan jini ba ya yin kururuwa. A hankali yake cin ƙoda da zuciya da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, mai shi na yawo yana cewa lafiya ƙalau. Don haka ko ka bar banki ko ba ka bari ba, kada ka ajiye maganinka don ka ji sauƙi, sai likita ya ce. Ka sayi na'urar awo ka ajiye a gida, ka riƙa awo safe da dare kana rubutawa a ɗan littafi, ka kai wa likita ya gani. In ka koma wurinsa kada ka tsaya a kan maganar jini kawai. Ka gaya masa barcinka awa huɗu ne, ka gaya masa faɗuwar gaba ta ranar Lahadi, ka gaya masa abin da ya zo maka a hanyar Jega kamar yadda ka gaya mini, ba ƙari ba ragi. Akwai ciwon damuwa da ke shigowa ta wannan ƙofa, kuma yana da magani. In awo ya kai 180 bisa 120, ko ka ji ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko ciwon ƙirji, ko hannu ko ƙafa ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ba a jiran gobe, asibiti za a nufa a lokacin, ko na Sir Yahaya ko asibitin tarayya, duk wanda ya fi kusa. In kuwa tunanin nan ya taɓa wucewa daga fatan kwanciya zuwa son cutar da kanka, a ranar ka gaya wa maiɗakinka ko wani aminin da ka yarda da shi, kada ka hau mota kai kaɗai.

Yayanka ba maƙiyinka ba ne. Yana kallon yadda garin yake tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yana ganin masu digiri na zaune a majalisa ba aikin yi, tsoro yake ji maka. Ka girmama wannan. Amma kalmar butulci ta yi nauyi, kuma ba ta hau kanka ba. Lafiya ma ni'ima ce, 'ya'ya huɗun nan da ke girma ba sa ganin ubansu sai ranar Lahadi su ma ni'ima ce, kuma za a tambaye ka a kansu. A cikin Bukhari akwai labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya ƙara musu yarda. Salman ya tarar da ɗan'uwansa ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har iyalinsa sun shiga wani hali, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Da maganar ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salman ya yi gaskiya. Ibada ce fa aka ce a sassauta saboda jiki da iyali. Ina ga neman ajiyar kuɗin wasu? Sannan ba zaman banza za ka koma ba, daga wata sana'a za ka koma wata.

To, mu zo kan kuɗi, don a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure ta fuska biyu.

Kai kana kallon N220,000 a matsayin abin da za ka rasa. Ba lallai ba ne haka lissafin yake. Ka fitar da bayanan asusunka na wata uku da suka wuce, kai ma'aikacin banki ne, ba sai an koya maka ba. Ka ware duk kuɗin da aikin nan da kansa ke ci. Man da kake ƙonawa zuwa Kamba da Yawuri wanda ofis ba ya biya cikakke. Gyaran mota da tayoyi. Abincin waje na rana, wani lokaci har na dare. Kwat da takalmi da wanki da guga. Katin waya da data. Sai wanda ba a cika lissafawa ba, wato hidimar kwastomomi: Alhaji wane yana aurar da 'ya dole a gan ka da ambulan, wane ya yi suna, wane ya dawo daga Umra, duk don kada ya kwashe ajiyarsa kafin ƙarshen wata. Sai haya. In alal misali kana biyan N700,000 a shekara, kusan N58,000 ke nan kowane wata da za ta tsaya a aljihunka in ka koma gidan gado. Kuɗin makarantar yara ma ka tambayo nawa ne a Argungu ka gwada da na Birnin Kebbi. Za ka iya tarar da cewa ratar ba ta kai yadda take ba ka tsoro ba.

Ta ɗaya fuskar kuma, akwai abubuwan da banki ke ba ka da ba sa fitowa a cikin N520,000 ɗin nan, kuma ranar da ka fita za su tsaya. Inshorar lafiya ta kai da iyalinka, wadda yanzu da kake shan magani kullum ta fi da muhimmanci. Kuɗin hutu da duk wani alawus na ƙarshen shekara. Fansho: dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, ta kuma wajabta masa inshorar rai ga ma'aikaci da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama dokar ta hau kansu, amma ka san wuraren kasuwanci da yawa a ƙasar nan ba sa bi. Asusunka na fansho naka ne, yana nan ko ka canja wurin aiki, sai dai in Alhaji ba ya zubawa zai tsaya cak. Waɗannan duka ka sa musu farashi ka rubuta. Ka kuma je ofishin KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ka tambayi yadda mai zaman kansa ke shiga da iyalinsa da abin da tsarin ke ɗauka.

Rancen motar nan shi ne babban ƙulli. Ka lura, N520,000 ɗinka bayan an cire kason rance ne. N300,000 ɗin Alhaji kuwa ba a cire komai ba. In ka tafi da bashin a wuyanka, daga cikinta za ka riƙa biya, ga shi kuma a bankuna da yawa rancen ma'aikaci yakan koma kan kuɗin ruwa na kasuwa da zarar mutum ya bar aiki, ko a nemi ya biya gaba ɗaya, ko a cire daga haƙƙoƙinsa na sallama. Ka nemo takardar da ka sa wa hannu ranar da ka karɓi rancen, ka karanta sashen da ya yi maganar barin aiki, a gida, ba tare da ka tayar da ƙura a ofis ba. Kada ka yi tunanin za a manta. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashinsu daga asusun mutum na wani banki in ya gaza biya, sunanka kuma zai shiga rajistar masu taurin bashi, abin da ba ya yi wa akanta kyau. Kada kuma ka sa rai da kuɗin fansho: kashi 25 cikin 100 da doka ta yarda a cira kafin shekara 50 na wanda ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba ne, kai kuwa aiki za ka koma.

Shawarata a nan mai ɗaci ce: ka sayar da motar ka kashe bashin. Don yawon kasuwanni ka saye ta, a Argungu daga gida zuwa wurin aiki babur ya ishe ka, in abin da ya rage ya kai ka sayi ƙarama daga baya. Na san abin da zai zo maka. Za a ce wane ya dawo gida ba mota, ko korarsa aka yi? Za a faɗa, ba shakka, a majalisa da gidan biki. Ina zargin ma wannan na cikin abin da ya kulle maka kai ko da ba ka rubuta ba, domin shekara goma sha ɗaya ana kiranka na banki, ana ba ka kujerar gaba a ɗaurin aure, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya sauke. Maganar mutane ba ta wuce 'yan makonni, wani labarin zai zo ya ture naka. Bashin miliyan biyu da rabi a kan albashin dubu ɗari uku kuwa shekaru zai yi yana hana ka barcin da ka je nema.

Kafin ka yanke, ku gwada rayuwar a aikace. Daga albashin wata mai zuwa, kai da maiɗakinka ku tsara gida a kan N300,000. Haya da man zirga-zirgar aiki ku ware su gefe tunda ba za su bi ku Argungu ba. Duk abin da ya saura a kulle shi a wani asusu da ba shi da kati. Wata uku a haka zai nuna muku gaskiyar da takarda ba za ta nuna ba, ya kuma tara muku abin riƙewa. Ban so ka bar banki ba tare da kuɗin cefanen wata uku a ajiye ba, in da hali shida.

Yanzu ga abin da ya fi buƙatar ka buɗe ido, wato shi kansa aikin Alhaji. Da alama kana kallonsa a matsayin aiki mai kwanciyar hankali, amma ba ka gaya mini yadda ka san haka ba. Wanda ya gaji duk inda ya hanga gani yake hutu ne. Kada ka saki reshe ka kama ganye.

Harkar shinkafa a Kebbi babba ce, kowa ya sani. A Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015, aka yi shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da Legas, aka buɗe babban kamfanin WACOT a Argungu a 2017, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 kasuwar shinkafar gida ta buɗe, masu kuɗi da yawa suka kafa injina. Amma harka ce da ke hawa da sauka da abubuwan da ba sa hannun mai injin. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki masu yawa a fadamun jihar nan, shanshera ta yi wuya. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, masu injina da manoma suka yi ta kokawa da abin da ya biyo baya. Ga wutar lantarki, ga tsadar dizal. Injin da ke aiki dare da rana bana yana iya yin watanni a rufe baɗi. Banki duk tsiyarsa albashinsa ba ya ƙetare wata. Wannan tabbacin ne za ka bari, don haka dole ka san me za ka karɓa a madadinsa.

Argungu garinku ne, bincike ba zai yi maka wuya ba, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Ka je ranar Asabar ba tare da ka sanar ba. Ka zauna wurin mai shayin da ke bakin injin, inda leburori da direbobi ke karyawa. Ka ji wata nawa injin ya yi aiki a bara, ka ji ko ana biyan albashi a kan lokaci ko sai an bi an gaji. Ka tambayi dillalan shanshera ko Alhaji na biya in ya ɗauki kaya, ko sai an kai ƙara wurin manya. Sannan ka nemo wanda ya riƙe lissafin kafin kai, ka ji dalilin tafiyarsa daga bakinsa. Wannan mutum ɗaya zai gaya maka abin da ba za ka ji a wurin kowa ba.

Riƙe lissafin mutum ɗaya yana da nasa ciwon kai da ya sha bamban da na banki. A irin waɗannan wurare sau da yawa ba a raba aljihun Alhaji da asusun kamfani. Ɗansa zai shigo ya ce Baba ya ce a ba ni dubu ɗari biyar, ba takarda. Za a fitar da buhu hamsin a kai gidan wani ba a rubuta ba. Ƙarshen shekara in lissafi bai daidaita ba, akanta ake kallo, kuma a garinku ne, inda sunan gidanku yake. Don haka tun kafin ka karɓa ka zauna da Alhaji cikin ladabi ka tambaye shi: wa ke da ikon fitar da kuɗi, wa ke sa hannu, zai yarda kowace naira da kowane buhu su bi ta takarda ko da shi ne ya ba da umarni? Ka kuma tambaye shi kai tsaye me ya sa yake son ka. In don tsara masa lissafi ne, madalla. In kuwa so yake ka yi amfani da sanayyarka ta banki ka nemo masa rance, gara ka sani tun yanzu, don wannan wani taget ɗin ne.

Duk abin da kuka amince a kai ya shiga takardar ɗaukar aiki mai sa hannu: albashi da ranar biyansa, lokacin shiga da tashi, hutun shekara, fansho, abin da zai faru da albashinka in injin ya tsaya, da wa'adin da kowannenku zai ba ɗaya in za a rabu. Na san a wajenmu neman takarda a wurin babba kamar rashin yarda ne. Ka ce masa ka'idar aikinka ce, kuma addini ma ya yi umarni da rubuta mu'amala. In ya ce haba, ai mu 'yan gida ne, maganata ta isa, ya ƙi rubutawa, ni dai ban ba ka shawarar ka je ba. Ka nemi ƙari kuma. Mutum mai gogewar shekara goma sha ɗaya a banki ba roƙo ya je yi ba. Ko bai ƙara kuɗi ba, yana iya ɗaukar inshorar lafiyar iyalinka, ko buhun shinkafa duk wata, ko alkawarin duba albashin bayan wata shida, a rubuce.

Ka sani kuma lokacin kaka da lokacin girbin noman rani za ka kwana kana lissafin awo da biyan manoma. Bambancin shi ne wannan gajiya ce mai lokaci, tana zuwa tana wucewa, ba wanda zai jero sunanka da dare don wani ya kwashe kuɗinsa. Zama kusa da dangi ma yana da nasa nauyi, wanda da sai ya yi waya yanzu sallama zai yi a ƙofar gida.

Akwai masu cewa ka nemi a mayar da kai ɓangaren cikin ofis ko a canja maka reshe. Ka gwada, ba ka rasa komai ba, musamman da takardar likita a hannunka. Amma ni ina kallonsa a matsayin abin da zai ba ka numfashi kafin ka gama shiri. Abin da nake so ka yi cikin makon nan shi ne ka nemi hutunka na shekara. Ka kashe wayar ofis, ka yi barci, ka ga likita, ka je Argungu ka yi binciken nan. Mutumin da ke barcin awa huɗu bai kamata ya yanke hukunci irin wannan ba sai ya huta.

Maiɗakinka ta ce ta yarda, amma ka ga damuwa. Ta yiwu ba kuɗin ne kaɗai ba. Mace da ta saba da gidanta ita kaɗai za ta koma gidan gado, kusa da uwar miji da matan 'yan'uwa, wannan babban sauyi ne a wurinta ko da kowa mutumin kirki ne. Ka zaunar da ita bayan yara sun kwanta, ka buɗe mata lissafin duka har da bashin, ka tambaye ta me take tsoro, ka yi shiru ka saurara. In ɓangarenku na buƙatar katanga ko ƙofarsa ta daban ko madafa, a sa shi cikin kasafi tun yanzu. In tana da sana'a ko aiki a Birnin Kebbi, a yi maganar makomarsa. Yara kuma kada a cire su a tsakiyar zango, a daidaita tashin da ƙarshen shekarar karatu ko aƙalla ƙarshen zango.

Ƙannenka ka kira su ka gaya musu gaskiya da wuri, kada su ji a bakin wani. In makarantun gwamnati suke, su nemi rancen ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024, babu kuɗin ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta har da ɗan abin kashewa. Ka faɗa musu adadin da za ka iya ci gaba da bayarwa, ka tsaya a kai. Yayanka kuma ka same shi har gida, da littafin awon jininka da lissafinka a hannu. Ka ce masa Yaya, ga halin da nake ciki, ga abin da likita ya ce, ga shirin da na yi, ina neman albarkarka, ina kuma neman mu raba hidimar Inna. Wanda aka je wa da girmamawa da hujja ba kasafai yake tsayawa a kan bakansa ba, in ma ya tsaya ka sauke haƙƙinsa.

Ka yi istihara, ka maimaita, amma bayan ka tattara bayanan nan, ba a madadinsu ba. Ba sai ka yi mafarki ba. Ka ci gaba da shiri, ka ga inda Allah ya sauƙaƙa.

In Alhaji ya sa hannu, bashi ya mutu ko ka san ranar mutuwarsa, ajiyar wata uku ta samu, to ka rubuta takardar ajiye aiki gajera, ta godiya, ba ƙorafi a ciki. Ka ba da wa'adin da yarjejeniyarka ta tanada, ka miƙa kowane fayil da kowane kwastoma a rubuce ga wanda zai gaje ka, kada ka fita da bayanan asusun kowa a wayarka. Ka tsaya sai ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka kuma duba asusun fanshonka ka tabbatar an zuba na watannin ƙarshe. Manajan nan ma ka yi masa sallama ta mutunci, domin kamfanin Alhaji zai buƙaci banki, kuma wata rana kai za ka shiga da takardunsa.

In kuwa bincike ya nuna wurin Alhaji ba wurin zuwa ba ne, ka ba shi haƙuri ka gode masa, amma kada ka mayar da takardunka cikin durowa. Ka ci gaba da zama a kan N300,000, ka sayar da motar ko ka rage bashin, ka sa wa kanka wa'adin wata shida, ka fara kai takardun neman aiki manyan kamfanonin shinkafa, da makarantu, da ƙungiyoyin raya karkara da ke aiki a jihar nan, duk suna ɗaukar masu lissafi. Ka rubuto mini bayan ka dawo daga Argungu in ji abin da tsohon akantan ya ce.